Darasi na Tara: Yini Guda da Yara a Gandun Chatsworth

A darasin nan za mu je ƙasar Ingila, mu bi wani iyali mai ƙananan yara zuwa wani tsohon gandun sarauta da ke karkara. Za mu san tarihin wurin, mu ga abin da ya sa masu shi suke maraba da duk wanda ya zo, sannan mu koyi yadda ake tsara fita da yara ƙanana har a dawo gida lafiya, an ƙaru, ba a yi rigima ba. A karanta a hankali. Wanda ya ci karo da shekara ko wani adadi ya ja layi a ƙarƙashinsa, domin za mu yi lissafi da su.

Gandu irin na Ingila

Manyan masu sarauta na Ingila ba a birni suka kafa tushensu ba. A da, kowanne yakan mallaki gida a Landan inda yake sauka idan majalisa tana zama, amma gidan gado, inda kakanninsa suke kwance, yana can karkara a tsakiyar ƙasarsa. Gidan yakan zama tangameme. Ga lambu kewaye da shi, bayan lambu ga makiyaya, bayan makiyaya ga daji da gonaki da ƙauyukan manoman da ke biyan haya. Duk wannan a dunƙule shi muke kira gandu. Bakano ba zai ji abin baƙo ba, domin sarakunan Kano ma sun riƙe gidaje da gandaye a wajen ganuwa, irin su Fanisau da Ɗorayi, inda sukan fita su huta kuma ake yi musu noma.

Chatsworth yana yankin Derbyshire, a bakin kogin Derwent. Daga birnin Sheffield tafiyar ba ta kai sa'a guda a mota ba. Zuriyar Cavendish ce take riƙe da shi tun 1549, shekarar da Sir William Cavendish da matarsa Bess ta Hardwick suka sayi filin. Yawancin ginin da ake gani yau an yi shi ne tsakanin 1687 da 1707, a zamanin mutumin da ya fara riƙe sarautar Duke na Devonshire. Wanda yake kan sarautar yanzu shi ne na 12.

Lambun gidan eka 105 ne, makiyayar da ta kewaye shi kuwa eka 1,000. Baƙon da ya tsaya a kan gada ya dubi ciyawa shar har gindin tudu, ga tumaki da bareyi suna kiwo a ƙarƙashin manyan itatuwa, zai ɗauka haka wurin yake tun fil azal. Alhali aikin hannu ne. A shekarun 1760 wani gwanin tsara filaye mai suna Lancelot Brown ya share gonaki ya mai da su makiyaya, ya dasa itatuwa rukuni-rukuni, aka gyara wa kogin hanya. Daga baya har ƙauye guda, Edensor, aka tayar daga mazauninsa aka sake gina shi a inda ba a hango shi daga tagogin gidan. Ya kamata mai kallo ya tuna da wannan. Kyan da yake gani an same shi ne da gumin leburori da kuma haƙurin mutanen da aka ce su kwashe kayansu su matsa.

Abin da ya sa ƙofa take a buɗe

Ba jiya aka fara barin baƙi su shiga Chatsworth ba. Tun da can akan bar masu wucewa su yi kallo, kuma da jirgin ƙasa ya iso tashar Rowsley da ke kusa a 1849, mutanen garuruwan masana'antu suka riƙa zuwa dubbai. Sai dai a wancan zamani alfarma ce mai gida yake yi, ba ya bukatar kuɗin kowa, kuma alfarmar tana da iyaka. Tuddan da masu ƙasa suke farautar tsuntsaye a rufe suke ga talaka. Ranar 24 ga Afrilu 1932 ɗaruruwan matasa, yawancinsu ma'aikata daga Manchester da Sheffield, suka haura tudun Kinder Scout da gangan domin su nuna cewa ɗan ƙasa yana da haƙƙin taka ƙasarsa. Suka yi arangama da masu gadi, aka ɗaure biyar daga cikinsu. A 1951 yankin nan, wato Peak District, ya zama wurin shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya. A 2002 kuma, wajen taron tunawa da abin da ya faru, Duke na 11 ya miƙe a bainar jama'a ya nemi gafara kan abin da aka yi wa matasan nan a zamanin kakansa.

Amma abin da ya fi juya al'amarin gidajen nan shi ne haraji. Tun 1894 gwamnatin Birtaniya take karɓar harajin gado daga dukiyar mamaci, kuma bayan yaƙe-yaƙen duniya biyu harajin ya yi tashin gwauron zabo. A 1950 Duke na 10 ya rasu kwatsam, gwamnati ta nemi kashi 80 cikin 100 na abin da ya bari. Gidaje da yawa ba su tsira daga irin wannan ba. An ƙiyasta cewa wajen 1955, duk kwana biyar sai an rushe babban gidan karkara guda a ƙasar, saboda magada ba su iya riƙe shi. Wasu suka nemi dabara: masu gidan Longleat sun buɗe shi ga masu biyan kuɗi a 1949, a 1966 kuma suka kawo zakuna domin jawo 'yan kallo.

A Chatsworth, magajin gidan, Andrew Cavendish, wato Duke na 11, da matarsa Deborah sun sayar da filaye masu yawa, suka miƙa wa gwamnati zane-zane da littattafai masu daraja, har da wani gidansu na gado, Hardwick Hall. Sun yi shekaru suna biyan bashin. A 1981 aka kafa wata gidauniya ta amana, aka ba ta hayar gidan da lambun da makiyayar na tsawon shekara 99 a kan fam 1 kacal a shekara. Iyalin Duke suna nan a wani ɓangare na gidan, amma suna biyan gidauniyar kuɗin haya. Kuɗin tikitin da baƙi suke biya shi yake gyara rufi, ya biya masu lambu, ya ciyar da dabbobi. Saboda haka magidancin da ya shigo da yaransa kada ya ji kamar ya zo roƙon alfarma. Yana cikin waɗanda suke riƙe da gidan.

Shiri tun dare

Mu ƙaddara wani magidanci Bahaushe yana ƙarin karatu a wata jami'a a Sheffield. Yana tare da matarsa, da ɗansu mai shekara shida, da 'yarsu mai shekara uku da suke kira Auta. Mahaifiyarsa ta zo musu ziyara. Daren Juma'a ne, gobe Asabar suna so su fita.

"Maigida, ka duba yadda gari zai kasance gobe kuwa?"

"Na duba. Sun ce rana da safe, ruwa da la'asar. Ni dai ga yadda na tsara: mu fara da cikin gidan, mu zaga lambu, mu leƙa wajen dabbobi, sannan mu hau tudu mu ga tafkin da ke sama."

"Da ƙafar wa za a yi wannan duka? Auta fa shekararta uku."

"Ai kuɗi za mu biya. Gara mu ga komai."

Sai tsohuwar ta sa baki. "Kai dai ka zaɓi abu biyu. Yaro in ya gaji, ko gidan zinariya ka kai shi kuka zai yi maka."

"To, Hajiya, yadda kika ce. Dabbobi da safe, lambu bayan azahar."

Hajiya ta yi gaskiya, kuma maganarta ita ce ƙashin bayan darasin nan. Kuskuren da manya suka fi yi a irin wannan fita shi ne su tsara yinin bisa abin da su suke so su gani, sannan su ja yara a baya. Babba yana auna nisa da ƙafarsa. Abin da zai taka cikin minti goma, yarinya mai shekara uku sai ta yi rabin sa'a a kai, domin za ta tsaya ta tsinci gashin tsuntsu, ta tsuguna ta kalli tsutsa, ta ce sai an ɗauke ta, an ɗauke ta kuma ta ce sai an sauke ta. Wannan tsaye-tsayen shi ne yawon a wurinta. Wanda ya hana ta, ya hana ta abin da aka fito dominsa.

Tsarin wurin ma yana taimaka wa mai zaɓi. Akan sayar da tikitin cikin gida da na lambu da na wajen dabbobi daban-daban ko a haɗe, yawo a makiyaya kuwa kyauta ne, sai dai mai mota yakan biya kuɗin ajiye ta. Akwai bas daga Sheffield. A tsakiyar hunturu gidan yakan rufe na wasu makonni, saboda haka a tabbatar da ranakun buɗewa kafin a kama hanya.

Sauran shirin na uwargida ne da jakarta. Ruwan sama a Ingila ba shi da damina, kowane wata yana iya sauka, don haka rigar ruwa da takalmin roba ga kowane yaro, da rigar sanyi ko da a watan Yuli ne. Kayan canji cikakku ga kowane yaro, har da safa. Famfas, tawul, leda ta zuba jiƙaƙƙun kaya. Guzuri daga gida ya fi, domin abincin irin waɗannan wurare yana da tsada, kuma iyali Musulmi sun huta da tambayar abin da aka sa a ciki. A ɗauki dardumar salla da ruwan alwala a gora. Sai a lura da tsawon yini: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, a watan Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi.

Wajen dabbobi

A 1973 Deborah, matar Duke na 11, ta buɗe wani ɗan garke a bayan barga domin yara. Mace ce da ta tashi da son kaji da dawakai, kuma ta lura cewa yaran birni da ake kawowa gandun ba su san daga ina abincinsu yake fitowa ba. Madara a kwalba suke ganinta, ƙwai a kwali, nama a naɗe cikin leda a kanti. Ba gidan zu ta yi niyyar kafawa ba. So take yaro ya ga dabbobin gona na yau da kullum, a gaya masa gaskiya cewa wannan ana tatsarta, wannan ana aske gashinta a yi tufa, wannan kuwa yanka ta ake yi. Ta ba da labarin wani yaro ɗan birni da ya kalli yadda ake tatsar saniya, ƙyama ta kama shi, ya ce shi da shan madara har abada. Yaron ba shi da laifi. Duk tsawon rayuwarsa ba wanda ya taɓa nuna masa.

Mai karatu zai iya cewa wannan matsalar Turawa ce, mu yaranmu da akuya suke kwana a gida ɗaya. A ƙauye haka ne. Amma yaron da ya tashi a bene a Abuja ko a sabuwar unguwa a Kano, daga mota sai aji, daga aji sai talabijin, shi ma madarar gwangwani ya sani, kuma rago sai da layya yake ganinsa. 'Ya'yan magidancinmu na Sheffield ma haka suke.

A garken akwai tumaki da awaki da shanu da kaji, akwai kuru, wato ƙananan dawakai, akwai aladu, akwai kuma ɓeran Masar da akan ba yara su riƙe a cinya a gaban ma'aikaci. A wasu lokuta na yini akan nuna tatsar nono. Idan an iso, a nemi allon da aka rubuta lokutan a kai, a karanta shi tun farko, a tsara sauran zagayen a kansa.

A nan ne aikin babba yake, kuma ba mai wuya ba ne. Ya rage tsawo, ya tsuguna daidai da yaron, ya bar shi ya kalla har ya ƙoshi. Kada a yi ta cewa "zo mu je, akwai wani can." Yaro yana iya tsayawa minti goma sha biyar gaban kaza guda tana tono, kuma a cikin mintocin nan yana koyon abin da hoto ba zai koya masa ba: yadda take karkata kai, yadda take kiran 'yan tsaki, warin wurin, ɗumin ƙwan da aka ɗauko yanzu. Idan ya yi tambaya a ba shi amsa ta gaskiya daidai hankalinsa. Idan bai yi ba, babba ya jefa masa ɗaya: ƙafar akuya nawa? Me ya sa tunkiyar nan take da gashi mai kauri haka, tamu ta gida kuwa ba ta da shi? Daga nan an shiga zancen sanyi da zafi, da inda rigar sanyin da ke jikinsa ta samo asali.

Kaka ta fi kowa amfani a wannan wuri. Hajiya ta yi kiwo da hannunta, ta san sunan kowace dabba da na 'ya'yanta da Hausa, ɗan maraƙi, ɗan akuya, ɗan tsako, kuma ga jikanta da Turanci ya fara rinjayar bakinsa. Tana nuna masa tana faɗa, yana maimaitawa.

"Zo nan, maigidana, ka ga wannan? Karsana ke nan, ba ta taɓa haihuwa ba. In ta haihu ta zama saniya sosai."

"Hajiya, ke ma kin iya tatsa?"

"Tun ban kai tsawon uwarka ba nake tatsa."

Idan Auta ta ji tsoro ta maƙale a zane, kada a tura ta gaba, kada kuma a yi mata dariya. A ɗauke ta ta kalla daga sama. Sau da yawa da kanta za ta ce a sauke ta idan ta ga yayanta ya shafa bai ji ciwo ba.

Kusa da garken akwai filin wasa a cikin itatuwa, da lilo da igiyoyin hawa da wurin zamiya, da kuma yashi da ruwa. Nan ne kayan canjin nan za su yi rana. A bar su su jiƙe, su yi dumu-dumu. Babba dai ya zauna inda idonsa yake kansu, wayarsa tana aljihu.

Sabulu da ruwa

Wannan sashe gajere ne amma kada a tsallake shi. Dabba mai ƙoshin lafiya tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta a kashinta, su manne a gashinta da shinge da ƙasa da takalmi. Mafi haɗari ita ce wadda likitoci suke kira E. coli O157. Tana sa gudawa mai jini, kuma a jikin yaro ƙarami tana iya lalata ƙoda. A 2009 ta ɓarke a wata gonar kai yara ziyara a yankin Surrey, mutum 93 suka kamu, yawancinsu yara. Hukumomin lafiya na Ingila sun bayyana ƙarara cewa man goge hannu da tsumman goge-goge ba sa wadatarwa a irin wannan wuri. Sabulu da ruwa mai gudu ake bukata, bayan taɓa dabba, bayan cire takalmi, da kuma kafin a sa komai a baki. Babba ne zai wanke wa yaro, ba a ce masa "je ka wanke" ba. Ba a cin abinci a cikin garke, kuma idan abin tsotson jariri ya faɗi ƙasa an gama da shi sai an koma gida. Mace mai ciki ta nisanci tumaki a lokacin haihuwarsu, wajen watan Maris da Afrilu, domin akwai cututtukan da suke iya jawo ɓari. Yaron da ya fara gudawa cikin mako biyu bayan ziyara a kai shi asibiti, a gaya wa likita inda aka je.

A makiyaya kuma, bareyin nan ba na gida ba ne. A kalle su daga nesa, musamman a watan Oktoba lokacin da mazan suke faɗan barbara. Ƙyauren da aka tarar a rufe a mai da shi a rufe, shara kuma a koma da ita gida. Da dare wajen wanka a duba jikin yara ko kaska ta kama su a cikin ciyawa.

Ruwa da ayaba

Bayan an ci abinci an yi azahar, sai lambu. Abin da ya fi jan yara a nan ruwa ne. Akwai wata matakala ta dutse mai hawa 24 da aka fara ginawa a 1696, ruwa yana gangarowa a kanta daga tudu, kuma an sassaƙa kowane hawa daban da ɗan'uwansa domin ƙarar ruwan ta riƙa sauyawa. An daɗe yara suna tuɓe takalma su taka cikinsa a ranakun zafi. Akan tsayar da ruwan idan ana gyara, saboda haka a tambaya tukuna kafin a yi wa yaro alkawari. Akwai kuma wata itaciya ta ƙarfe da take fesa ruwa ta rassanta.

Sai babbar maɓulɓula da ke gaban gidan. Joseph Paxton ne ya yi ta, ɗan manomi da ya zama sarkin lambun Chatsworth a 1826 yana da shekara 23. An sa ran Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya zai kawo ziyara a 1844, sai Duke na 6 ya sa Paxton ya yi abin da zai burge shi. Aka haƙa tafki a kan tudun da ke bayan gidan, aka shimfiɗa bututu zuwa ƙasa. Sarkin bai zo ba, amma maɓulɓular tana nan, kuma ta taɓa cilla ruwa sama har kimanin mita 90. Babu inji ko ɗaya da yake tura shi. Nauyin ruwan da ke gangarowa daga tudu shi ne yake matsa na ƙasa ya tsartu sama. Yaro mai shekara shida zai fahimci wannan idan aka nuna masa tudun da yatsa, aka tuna masa cewa tankin ruwa a saman gida ake ɗora shi.

Paxton ya kuma gina wani makeken ɗakin gilashi domin tsire-tsiren ƙasashe masu zafi. Da gawayin kwal ake ɗumama shi. A lokacin yaƙin duniya na farko kwal da ma'aikata suka yi ƙaranci, tsire-tsiren suka mutu, aka rushe ɗakin a 1920. A gurbinsa, a 1962, aka dasa itatuwa 1,209 aka yi shinge mai lunguna na ɓad-da-bami, wanda ake shiga a nemi hanyar tsakiya. Yara suna sonsa ƙwarai. A riƙe hannun ƙarami, kuma a hana kowa tsinkar ganye ko 'ya'yan itacen shingen ya sa a baki, domin guba ne.

Kafin a bar lambun, uwargida ta ciro ayaba daga jaka ta raba wa yara, maigida kuma ya ba su labarinta. A shekarun 1830 Paxton ya reni wata irin ayaba a ɗakin gilashi a nan Chatsworth, ta yi 'ya'ya, aka sa mata sunan gidan, Cavendish. Daga nan aka kai irinta tsibiran tekun Fasifik. A shekarun 1950 wata cuta ta cinye gonakin irin ayabar da ake fataucinta a duniya a lokacin, manoma suka koma wa Cavendish domin ta jure. Yau kusan duk ayabar da ake lodawa a jirgin ruwa zuwa kantunan Turai da Amurka ita ce. Wadda ke hannun Auta, in a kantin Sheffield aka saye ta, kusan tabbas irin waccan ce.

Cikin gidan fa?

Cikin gidan yana da kyau matuƙa: rufi mai zane, gumakan farin dutse, ɗakin littattafai. Amma wuri ne na "kar ka taɓa", kuma yaro mai shekara uku da hannu yake kallo. A yawancin irin waɗannan gidaje ba a shiga da keken jariri, ko da yake macen da ta iya goyo wannan bai dame ta ba. Shawarata ita ce a bar shi sai yara sun tasa. Idan maigida ya ƙwallafa rai, ya shiga da babban yaron su yi rabin sa'a, ya ba shi aikin ƙirga karnuka ko dawakan da ke cikin zane-zane, sauran su jira a inuwa.

Lokacin tashi

A tashi tun yara suna dariya. Alamun gajiya ba sa ɓuya: murza ido, yawan tuntuɓe, faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba. Da an ga haka a ce musu saura wasa ɗaya, a cika maganar, a nufi mota. A canza musu kaya, a sa takalman da suka taka garke a leda daban, a sake wanke hannu. Washegari a ba yaron takarda da fensir ya zana abin da ya gani, a tambaye shi sunayen da kakarsa ta koya masa.

Aiki

1. Daga shekarar da zuriyar Cavendish ta sayi Chatsworth zuwa shekarar da aka kafa gidauniyar amana, shekara nawa ke nan? A wace shekara hayar gidauniyar za ta ƙare?

2. Idan mutum ya bar gadon fam 5,000 aka karɓi kashi 80 cikin 100, nawa ya rage wa magada?

3. Ka bayyana da bakinka, kamar kana yi wa yaro mai shekara shida bayani, yadda ruwa yake tsartuwa sama ba tare da inji ba.

4. Me ya sa Deborah ta buɗe garken yara a 1973? Ku tattauna a aji ko akwai yara a unguwarku da suke bukatar irin wannan.

5. Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi wata gona ko ruga ko lambu da ke kusa da garinku, ya rubuta tsarin kai yara uku can ranar da babu makaranta: wanda za a nemi izininsa, lokacin tashi da na dawowa, kuɗin mota, abin da za a ɗauka, da inda za a wanke hannu.